Jirgin da Ke Ɗauke da Sunan Rozenn

Ranar da Armelle ta fara ganin Tugdual, ƙafafunsa kawai ta gani. Yana kwance a ƙarƙashin wani tsohon jirgin ruwa da aka ɗora kan katako a tashar Douarnenez, yana kankare tsatsa.

"Malama, don Allah miƙo mini wancan burushin."

"Daga aiki nake, ko hannuna ba na iya ɗagawa."

"To turo shi da ƙafa."

Ta turo. Ya leƙo, fuska duk ƙura, ya yi murmushi, shi ke nan aikin gama ya gama.

Ita 'yar makiyaya ce daga can cikin ƙasa, shekararta goma sha ɗaya tana jinyar tsofaffi, har bayanta ya soma ƙara. Shi ɗan masunta ne da ya ƙi sana'ar kamun kifi, ya koma gyaran jiragen mutane, masu jiragen su tafi yawon duniya shi yana tsaye yana ɗaga musu hannu. Gajiyayyu biyu ne suka haɗu, suka yanke shawarar gyara wannan jirgi su tsallake tekun Atlantika.

Shekara biyu suna abu ɗaya. Ranakun hutunsu suka ƙare a fenti da ɗinkin filafilai, ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su. Ta koyi ɗaurin igiya, ta yi aman teku har ta saba. Abu ɗaya ne ta kasa sabawa da shi: sunan da ke rubuce a bayan jirgin, Rozenn, budurwar da suka sayi jirgin tare da Tugdual kafin ta bar shi ta koma Paris.

"Ɗan masunta, yaushe za a goge sunan nan?"

"Bari mu gama injin tukuna, zumata."

An gama injin, an gama rufi, suna yana nan daram. Wata Lahadi ma ta tarar da shi yana sabunta haruffan da farin fenti, a hankali, har da cije leɓe. Ta ajiye guduma ta tafi gida. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Da yamma ta tura masa saƙo:

"Na gaji, Tugdual. Hannuwana sun yi kanta a jikin jirgin wata. Ba zan aure ka in kwana a cikin sunanta ba. Ka zaɓa."

Amsa ta zo nan take:

"Ko fuskarta na manta, zumata. Tsoro nake ji. Baffana, ƙanen babana, ya sauya wa jirginsa suna ba tare da an yanke sawu ba, ya fita bai dawo ba. Ba zan kai ki teku a haka ba."

A Douarnenez ba a sauya wa jirgi suna kara-zube. Sai an fita da shi, wani jirgin ya gitta ta bayansa sau uku, ya yanke farar kumfar da yake bari, sannan tsohon suna ya sake shi. Tugdual ya roƙi mutum biyar, duk suka noƙe, don babansa, tsoho Fañch, ya ce bai yarda da tafiyar ba, kuma a tashar nan ba mai tsallake maganarsa.

Armelle ta je ta same shi yana gyaran raga.

"Baba, ni ce wadda ba ka so."

"Ba ƙin ki nake ba, 'yata. 'Yar shanu ce ke, me kika sani a teku? Na riga na ba teku ƙanena."

"Ban san teku ba, gaskiya ne. Amma na zauna a gefen gadon tsofaffi fiye da ɗari, na ji abin da suke kuka a kai. Ɗanka zai tafi, Baba, da ni ko ba ni. Bambancin kawai, idan ba ni, ba mai riƙe masa sitiyari idan barci ya kwashe shi."

Tsoho bai ɗago ba. Ta jira har ƙafarta ta yi sanyi, ta tafi tana share hawaye.

Ranar Asabar suka fita gwajin filafilai. Sun ɗan yi nisa sai ga ƙarar tsohon inji a bayansu. Fañch ne a shuɗin jirginsa, fuska murtuke. Ya gitta sau ɗaya, ya juyo, sau biyu, sau uku. Tugdual ya zauna dirshan, ya rufe fuska da hularsa.

"Kai, sakarai!" tsoho ya ƙwala. "Kuka za ka yi ko suna za ka faɗa?"

"Armelle!" Tugdual ya raɗa wa jirgin.

"Haba, kada ka sake wannan wautar," in ji ta, tana dariya da hawaye. "Me ake kiran baffanka?"

"Youenn."

"To shi ne sunan."

Bayan sati uku aka ɗaura aure a ofishin magajin gari, aka ci wainar alkama da kifi a bakin tasha. Fañch da kansa ya kwance musu igiyar jirgi. Ya daɗe yana riƙe da ita, yana kallon sunan ƙanensa da sabon fenti, kafin ya jefa wa amarya.

"Allah Ya kai ku lafiya, 'yata. Wannan karon ki dawo mini da shi."