Furen da Mamma Isabella ta Kai wa Teku

A gidan Mamma Isabella da ke tsohuwar unguwar garin Molfetta a Italiya ba a fashin abincin ranar Lahadi, ko da ranka a ɓace yake. Marta, matar ɗanta, ce ta dafa taliyar, ita ta jera farantai, ita kuma aka bar wa kujerar bakin ƙofa kamar kullum. Ana cikin ci Nunzia, yayar mijinta, ta zaro wasu takardu daga jaka ta buga su kan tebur.

"Mamma, ga tikiti! Kwana bakwai a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, daga tashar Bari zuwa tsibiran Girka mu dawo. Cika shekara saba'in ai ba wasa ba ne!"

Kowa ya dubi tsohuwar, don an san abin da ke tsakaninta da teku. Shekara tara ke nan da jirgin kamun kifi ya nutse da ɗanta Corrado, ko takalminsa ba a gani ba. Tun ranar ba ta cire baƙaƙen kaya ba. Ta jawo takardar, ta bi layin tafiyar da yatsa, ta tsaya a wani wuri mai shuɗi tsakanin Girka da Italiya.

"Ta nan zai bi?"

"A dawowa, Mamma, ranar ƙarshe. Ranar ba a tsayawa ko'ina, ruwa ne zalla."

"To, zan je." Sai ta ɗago ta harari Marta. "Har da wannan?"

Ignazio, mijin Marta, ya ajiye cokali. "Haba Mamma, matata ce fa."

"Na sani. Da can ma saura wata biyu ta zama matar yayanka. Mai farar ƙafa a cikin jirgi — Allah dai ya kai mu lafiya!"

Marta ta tashi ta kwashe farantai, a kicin ta yi kukanta. Ita ce Corrado zai aura. Shekara huɗu ta yi cikin baƙi saboda shi, kafin ƙanensa Ignazio, wanda ya sha tsayawa ƙofar gidansu yana tambayar lafiyarta, ya ce yana sonta, ita ma ta ga ta kamu. Shekara biyar da aurensu, tsohuwar ba ta yafe mata cire baƙin nan ba. Shi kuwa Ignazio yana son matarsa kamar ransa, sai dai yana da ciwo guda: kishi yake da mamaci. Kuma wa ya isa ya yi takara da wanda ba ya tsufa, ba ya faɗa, ba ya laifi? Shi ya sa sunan Corrado bai taɓa fitowa a ɗakinsu ba.

Ranar tafiya kowa ya ja akwati, Mamma kuwa ta rungumo tukunyar jan furen da ta shuka shekarar da ɗanta ya ɓata. Kafin jirgi ya tashi aka tara fasinjoji ana koya musu sa rigar ceto, mai lasifika ya ƙara da cewa haramun ne a jefa komai cikin ruwa, ko guntun taba, wanda aka kama za a sauke shi a tasha ta gaba. Nunzia na can tana ɗaukar kanta hoto. Marta kaɗai ta ga yadda hannun tsohuwar ya ƙanƙame tukunyar, ta kuma gane abin da ya kawo ta.

Washegari ranar teku ce, babu gari, babu tsibiri. Mutanenmu in aka rufe su a wuri guda da abinci kyauta, sai ka ga abin mamaki. Tun kafin a buɗe wurin karin kumallo tsofaffi sun hau sama sun shimfiɗa tawul a kujerun shan rana, kowa ya kama shida ko bakwai, har da na surukin da bai zo ba. Ƙarfe goma ana koyon rawa a bakin wurin iyo, maza masu tumbi suna taka ƙafafun matansu. Ƙarfe sha ɗaya cacar tombola, ana kiran lambobi mata na ihu kamar an yi gobara. Daga nan a ci, a yi barci, a tashi a buga karta, a sake ci. Nunzia ta yi wa takardar shirin ranar zane da biro, ba abin da ya wuce ta. Ignazio ya zauna da uwarsa a inuwa, ita ta juya wa ruwan baya.

Marta kuwa layi ta bi a teburin karɓar ƙorafi, bayan masu kukan matashin kai da masu neman canjin ɗaki, don ta roƙi a bar tsohuwar ta jefa furen a inda ɗanta ya nutse. Yarinyar wurin ta ce doka ce. Ta koma ƙarshen layi ta sake zuwa, aka ce doka ce. A karo na uku wani jami'in jirgi mai fararen kaya, Lubrano, ya ji ƙarshen maganarta, ya ja ta wurin shan kofi ya ce ta faɗa masa tun daga farko. Ta faɗa, hawaye na zuba. Ya tambaye ta ko ta san daidai wurin. Ta karɓi bironsa ta rubuta masa lambobin taswira a 'yar takarda.

"Signora, ba ni da iko, sai kyaftin," in ji shi, ya dafa hannunta. "Shi ma sai ya ga iskar ranar Asabar, ranar da za mu bi ta wurin. Roƙona ɗaya, kada tsohuwar ta sani tukuna. Na taɓa ganin uwar da aka yi wa alkawarin nan aka fasa, ba na son in ƙara gani."

Daidai lokacin Nunzia ta fito daga tombola, ba ta ci ko sisi ba, ranta a jagule. Ta hango su, ta ɗaga waya ta ɗauka.

A jirgi tebur ɗaya ake ba iyali na cin abincin yamma har ƙarshen tafiya, ba inda za ka gudu. Ana kawo miya Nunzia ta tura wayar gaban ƙanenta.

"Ga matarka da muka ce tana ɗaki kanta na ciwo. Dubi hannu! Har lambar waya ta rubuta masa, da idona na gani!"

"Ba lambar waya ba ce," in ji Marta.

"To ta mece ce, ta caca?"

Mamma ta tsoma burodi a miya, ba ta ko ɗago ba. "Wadda ta yi sauƙin manta na farko, me zai hana ta manta na biyu?"

Ignazio ya miƙe ya ja matarsa zuwa ɗakinsu, ya rufe ƙofa.

"Ki faɗa mini abu ɗaya, Marta. Me ya haɗa ki da mutumin nan?"

"Ignazio, don Allah ka ba ni zuwa ranar Asabar."

"Yanzu nake so!"

Ta runtse ido. "Saboda Corrado ne."

Da ta ce masa son jami'in take, da bai ji zafi haka ba. Ya zauna bakin gado ya yi wata dariya mara daɗi.

"Corrado! Shekara biyar ina zaune da mace, ashe zuciyarta na ƙasan teku. Ni ba ki taɓa yi mini kuka a gaban baƙo ba."

"Kai ai kana raye!"

"Shi ne laifina, na sani. In mun sauka Bari, gidan iyayenki za ki wuce."

Ya ɗauki jakarsa ya koma kan doguwar kujerar ɗakin uwarsa. Marta ta san kalma uku za su wanke ta. Ta kuma san mijinta: da ya ji, a guje zai kai wa Mamma don ya rufe bakin Nunzia, in kuma iska ta tashi ranar Asabar aka fasa, tsohuwar za ta rasa ɗanta sau biyu. Ta haɗiye maganar. Kwana huɗu jirgin na tsayawa a tsibirai, su suna sauka su sayo tsaraba, ita tana zaune a kujera a saman jirgin da ya zama kango. Da yamma ta zo tebur, ta gaishe su, ba mai amsawa. Abin tausayi, har mai kawo abinci ya daina tambayar me ya sa ba ta taɓa farantinta.

Asabar ta zo, ranar teku ta ƙarshe. Kantuna sun karya farashi, ana gasar faɗawa ruwa da tumbi a wurin iyo, kiɗa na tashi kamar gidan biki. Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga Mamma Isabella cikin baƙinta, rungume da tukunya, tana ratsa mutanen da ke kwance sun shafe jiki da mai. Ta isa bakin ƙarfe ta fara ɗaga tukunyar. Wani mai gadi ya riƙe hannunta.

"Signora, ba a yi! Za a hukunta ki!"

"Ku hukunta ni! Ɗana yana nan ƙasa! Shekara tara ba shi da kabari, ba shi da fure — sake ni!"

Masu rawa suka tsaya, wasu marasa kunya suka ɗaga waya. Ignazio da Nunzia suka iso a guje, shi yana roƙonta, ita tana cewa, "Wayyo Mamma, kin tara mana jama'a!" Tsohuwar ta durƙushe a ƙasa tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar da labarin ya zo.

"Ku ba da wuri," in ji wata murya. Lubrano ne, Marta na bayansa tana haki, tun safe suke jiran amsa. Ya tsuguna gaban tsohuwar. "Signora, kyaftin ya yarda. Ba nan ba ne wurin ma, saura minti ashirin. Tukunyar ba za ta shiga ruwa ba, amma furen zai shiga. Zo mu je."

Ya bi da su ta matakalar ma'aikata zuwa can ƙasa a bayan jirgi, inda ake nannaɗe igiyoyi, ruwa na tafasa fari kusa da ƙafafunsu. Daga nan kiɗan sama da ƙyar ake jinsa. Mamma ta dube shi.

"Wa ya gaya muku? Ta yaya kuka san wurin?"

Ya zaro 'yar takardar daga aljihu ya miƙa mata. "Surukarki. Sau uku ta bi layi ana korarta. Lambobin nan kuwa daga ka ta rubuto su, muka duba taswira, babu kuskure ko ɗaya."

Nunzia ta rufe baki da hannu. Ignazio ya leƙa takardar, ya gane rubutun matarsa, ya kasa ɗago kai. Tsohuwar ta juya ta fuskanci Marta.

"Kin riƙe wurin? Duk shekarun nan?"

"Na riƙe, Mamma. Na so Corrado, ya mutu. Ina son Ignazio, yana raye. Duka biyun gaskiya ne, na dai rasa yadda zan yi ku yarda. Ke kina jin haushina don na manta, shi yana jin haushina don ban manta ba."

Mamma ta fara tsinke furen. Ta cika tafin Ignazio, ta cika na Nunzia, sannan ta kamo hannun Marta ta zuba mata mafi yawa. Jirgin ya yi wata doguwar busa guda ɗaya, suka watsa. Jan furen ya ɗan yi yawo a kan kumfa, ruwa ya tafi da shi.

"Corrado, ɗana," in ji tsohuwar, "ga mu mun zo. Yi haƙuri mun daɗe."

Ignazio ya durƙusa gaban matarsa yana kuka kamar yaro. "Marta, na cuce ki. Wana ne fa, ni ma kewarsa nake, tsoro ne ya hana ni faɗa. Ki yafe mini."

"Tashi, mutane na kallo," ta ce, alhali ita ma hawayen take.

"Ba mai kallo sai ni," in ji Mamma. Ta share fuska da gefen mayafinta, ta dafa kafaɗar Marta don ta miƙe sosai. "Shekara biyar ina zagin yarinyar nan don ta cire baƙi, ashe ciki ta mayar da shi. 'Yata, ki yafe wa tsohuwar banza." Sai ta juya ga ɗanta da idon nan nata da ya sani tun yana ƙarami. "Kai kuma, na ji abin da ka ce za ka yi in mun sauka Bari. In ka kai ta gidan iyayenta, ka haɗa da akwatina, don ni ma can zan zauna."

Washegari da safe mota ɗaya ta kwashe su huɗu daga tashar Bari zuwa Molfetta, tsohuwar na barci a kafaɗar Marta.

Haka abin yake. Zato zunubi ne, kuma ba kowa ke rataya baƙin cikinsa a jiki don a gani ba. Marta ta zaɓi a zage ta kwana biyar da ta karya zuciyar wadda ta shekara biyar tana zaginta, ta kuwa samu mijinta, ta samu uwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.