Wandon da Aka Rage

Auta na zaune a kan kekenta na ɗinki tana rage ƙugun wandon mijinta, karo na uku ke nan cikin wata takwas, sai ga sallamar surukarta. Ta yi wuf za ta cusa shi ƙarƙashin yadi, amma ina! Idon Mama ya riga hannunta.

"Sannu da zuwa, Mama. An sha hawan bene..."

"Riƙe sannunki! Wandon wa kike yankewa?"

"Nasa ne. Ya ɗan yi masa yawa."

"Ya ɗan yi masa yawa!" Mama ta dire kular abincin da ta zo da ita. "Na ba ki ɗa kujera ba ta ɗaukarsa, kin mayar min da shi sandar tsintsiya. Har a gidan biki tambayata ake ko Babana ciwo yake!"

Babana take ce wa ɗan nata, sauran jama'a kuwa Akawu suke kiransa, don aikinsa ke nan a wani kamfanin sufuri: zama daga safe har yamma, lemon kwalba a dama, soyayyen nama a hagu. Wando ne ma ya haɗa shi da Auta. Ya je shagonta a buɗa masa ƙugu, daga nan ya riƙa kawo wanduna masu lafiyarsu ƙalau, har ta ce masa in magana ce da shi ya faɗa, zarenta ya kusa ƙarewa.

Shekara guda da aurensu likita ta ce jininsa ya hau, ko ya rage ƙiba ko ya jira abin da zai biyo baya. Akawu ya san abin da ke biyowa, don shi ya kwantar da mahaifinsa shekara biyu, ɓarin jiki a shanye, kafin ya rasu.

"Don Allah kar Mama ta ji," ya roƙi Auta a hanyar gida. "Ranar da ta ji hawan jini a kaina, ita za mu kwantar."

Ta yi masa alƙawari. Da suka je gidan motsa jiki, wanda samari ke ce wa jim, aka lissafa musu kuɗin rajista da na wata, ga takalmi, ga kuɗin mota, Akawu ya ce, "Kai! Haya za ku ba ni ne?" Ya juya zai tafi. Auta ta riƙe hannun rigarsa. Abin da ta daɗe tana tarawa don sayen keken ɗinki na lantarki, shi ta zube aka rubuta masa wata shida. Da wa'adin ya cika, aljihu ya ce bai san zancen ba, sai ta mayar da benensu mai hawa huɗu jim. Kullum da sassafe su hau su sauka sau goma, shi da jarkokin ruwa biyu, ita tana ƙirga masa tana tsokana.

To, wannan ne laifin Auta.

"Na ji komai!" in ji Mama da Akawu ya dawo. "Ta hana ka gishiri, ta hana ka mai, sannan ta tura ka ka biya kuɗi a wahalar da kai. In gumi kake so, ka zo ka kwashe min kwata kyauta! Daga yau a nan zan zauna, ni zan dafa. In ba ta iya riƙe miji ba, ta koma gidansu ta koyo."

Auta ta dubi mijinta. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ya sunkuyar da kai. A ɗaki ta yi kuka mai isarta.

"Sori, Autata. Ki ƙara haƙuri..."

"Zagin ba ya damuna. Abin da za ka ci ne ke damuna."

Mama ta karɓe kicin. Mai ya riƙa iyo a kan miya, kuma sai ta zauna ta ga ƙarshen kwano. Hawan bene ma ta soke, wai maƙwabta na dariya. Auta ta sha kai bakinta ga faɗar gaskiya, alƙawari ya danne ta.

Ranar kwana na goma sha biyu aka bugo waya daga ofis: jiri ya kwashi Akawu, yana asibiti.

Auta da Mama sun tarar da shi a gado, an ɗaura masa na'urar awon jini. Likita ta juya takardunsa ta ce, "Allah Ya taƙaita. Da a jikinsa na bara wannan ya same shi, da yanzu wani zancen ake. Wa ke kula da shi a gida?"

Mama ta buɗe baki, likita ta ci gaba: "Ko wace ce, ta yi aikin da magani kaɗai ba zai yi ba. Wata takwas jinin yana sauka. Abin da ban gane ba, me ya faru cikin sati biyun nan?"

Mama ta juya ta dubi ɗanta.

"Jini?" in ji Mama a hankali. "Babana, irin na babanka?"

"Ni na ce ta ɓoye miki, Mama. Da kuɗin kekenta ta biya min jim. Duk abin da kika faɗa mata, ni ya kamata ki faɗa wa, na yi shiru saboda tsoro."

Mama ta zauna a bakin gado, hawaye na zuba. Can ta ce, "Shekara talatin ina cika wa babanka kwano, kowa na yaba min. Ban taɓa sani ba..." Auta ta durƙusa ta riƙe hannunta.

"So ne, Mama. Kowa da yadda ya iya shi."

"'Yata, ki yafe min."

"Ba ki yi min komai ba. Ni dai na gode wa Allah da Ya bar mana shi."

Bayan sati uku, Auta da Akawu na saukowa a zagaye na shida, yana haki yana roƙon a yi masa ragi, suka yi kiciɓis da Mama a hawa na biyu. Takalmin gudu ne a ƙafarta ƙarƙashin zani, ga ƙullin kaya a hannu.

"Kar wanda ya yi dariya! Likita ta ce ni ma."

Ta miƙa wa Auta ƙullin. Wanduna ne manya guda huɗu, a goge, suna ƙamshin ajiya.

"Na babansa ne. Ki rage masa su." Ta shafa na sama. "Mai su bai samu mai rage masa ba."

Auta ta rungume su. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma ba duk mai cika maka kwano ne ya fi mai rage maka ƙaunarka ba. A ranar ba ta taɓa ɗinkin kowa ba sai da ta gama wandunan nan.