Zif Ɗin Baya

"Kwashe mini tsummokaran nan daga kan kujera kafin raina ya ɓaci!"

Auta ya tsaya a tsakiyar falo, riga ɗaya rataye a kafaɗarsa, biyu shimfiɗe a kan kujera. Tun safe yake lallaɓa mahaifiyarsa, shayinsa ma har ya huce bai kurɓa ba.

"Filis Umma, ki duba kawai. Kin ga wannan? Zif ɗinta a gaba yake, an ɓoye shi a cikin ninki, ga zobe a bakinsa, da yatsa ɗaya ma mace za ta ja. Wannan kuma ta masu jiki ce, waccan ta wadda ke zaune a keken guragu. Yanzu fa fashon ta canza, kowa ana yi da shi."

"Fashon? Ni dai fashi na sani, kuma shi ake yi mini a shagona da rana tsaka!"

Umma ita ta kafa shagon ɗinkin da keke ɗaya tal, tun Auta yana goye a bayanta. Yau teloli cike da shagon, kuma duk matar da ta isa ta san rigar Umma: matsattsiya, doguwa, zif a baya tun daga wuya har ƙugu. Mace ce da idan ta ce e, to e ɗin ce, ko da kuwa ita kanta ta gane a'a ce.

"Baje kolin nan da ke tafe, kayana za a nuna, ba kayan asibiti ba. Kuma kar ka ɗauka ban san mai zuga ka ba. Yarinyar nan ce!"

Yarinyar nan ita ce mai zana wa shagon dizain. Hannunta na dama ya shanye tun tana ƙarama, da hagu take zane, shi ya sa teloli ke kiranta Bahaguwa, ita kuma ta amsa da dariyarta. Ita ke zanawa, Auta ke yankawa, a kan teburin yanka ɗin nan soyayya ta kama su.

"Umma, maganar riga muke yi..."

"Duk maganar ɗaya ce! Wadda ba ta iya zuge zif ɗin rigarta, ita ce za ta riƙe maka gida? Ban yarda da rigunan ba, ban yarda da auren ba. Ka ji ni da kyau!"

Ta miƙa hannu za ta ɗauki mayafinta daga bayan ƙofa, sai ta yamutsa fuska ta fasa. "Miƙo mini," ta ce a fusace. Auta ya miƙa mata, haushi bai bar shi ya lura da komai ba.

Ya isa shago fuska a murtuke, ya jefar da almakashi a kan tebur har tela na kusa da shi ya zabura. Bahaguwa ta ɗago daga zanenta, kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ta ƙi ko?"

"Ta ƙi rigunan, ta ƙi... komai! Wallahi na gaji. Mu tafi mu buɗe namu shagon kawai, in ya so a ɗaura auren ko ba ta so."

"Me ta ce a kaina? Faɗa mini, kar ka rage."

Ya faɗa mata, da ma bai faɗa ba. Hawaye suka zubo mata har suka ɗiga a kan takardar zanen. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne gaskiya Umma ta faɗa. Tun tasowarta sai ta nemi mai zuge mata riga, wata rana ƙanwarta, wata rana maƙwabciya, kamar ƙaramar yarinya. Wannan takaicin ne ya sa ta fara zana riguna masu zif a gaba.

"Sori, don Allah ki daina kuka."

Ta share fuskarta da bakin mayafi. "Ba inda za mu je. Ba zan raba ɗa da uwarsa ba, kuma ba zan shiga gidan da ba a yi mini maraba ba. Mu yi haƙuri."

"Haƙuri, haƙuri! Har yaushe?"

Sai cewa ta yi, "Ka lura Umma ta daina ɗauko yadi daga kantar sama?"

"Ke kuma ana ga wata kina ga wata!" Ya figi tef ɗinsa ya yi waje.

Kwanakin da suka biyo baya ba daɗi. Umma ta sa aka tura rigunan nan sito. Idan Bahaguwa ta durƙusa ta gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. Auta kuwa kullum cikin tsaki, har ya ɓata yadin kwastoma guda da yankan ganganci. Ita kuwa Bahaguwa sai ta roƙi wata tela ta ɗinka mata wata riga a ɓoye, ta ninke ta a jakarta.

Ranar baje koli, zauren ya cika maƙil. Teloli da 'yan matan da za su nuna kaya duk sun yi gaba, Auta yana can yana fama da masu fitilu. Umma ta shiga ɗakin gwaji don ta sa rigarta ta alfarma. A gida 'yar aikinta ke zuge mata, ba wanda ya sani, yau kuwa ba 'yar aiki. Wata da watanni kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa, girman kai ya hana ta faɗa wa kowa.

Ta murɗa, ta lanƙwasa, ta finciki zif ɗin da hagu. Ya hau rabi ya cije, haƙoransa suka buɗe daga ƙasa. Ba ya hawa, ba ya sauka, riga ta matse ta kamar an ɗaure buhu. A waje kuma an fara kiran mai shago a lasifika.

"Auta! Kai Auta!"

Labule ya motsa. Bahaguwa ce.

"Ba ke na kira ba!"

"Na sani, Umma. Amma ba zai ji ki ba, kuma ni ce kaɗai a nan." Ta zagaya bayanta ta duba. "Wannan aikin hannu biyu ne, ni kuwa ɗaya gare ni. Ki riƙe mini wuyan rigar da hagunki, ni in ja da nawa."

Zufa na keto wa Umma. Can ta ɗaga hannun hagu ta riƙe. Ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ja, da ƙyar da nishi zif ɗin ya sauka.

"Yanzu me zan sa?" Muryar Umma ta karye. "Ga mutane suna jirana!"

Bahaguwa ta buɗe jakarta ta fito da rigar. Launin da Umma ta fi so ne, hannun rigar a sake, ba sai an ɗaga kafaɗa ba. Umma ta zura, ta zauna mata cif. Ta laluba ta sami zoben a cikin ninki, ta sa yatsa ta ja. Suuu, har wuya.

Ta tsaya tana kallon madubi. Rabonta da ta sa riga da kanta har ta manta. Sai ga hawaye.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da kika daina ɗauko yadi daga sama, Umma."

"Kuma ba ki faɗa wa kowa ba? Bayan duk abin da na ce a kanki?"

"Na san yadda ake ji idan sai an nemi mai zugewa."

Umma ta fito cikin zauren riƙe da hannun Bahaguwa. Auta ya hango su, ya saki baki har tef ɗin wuyansa ya faɗi. Kafin ta kai mazauninta mata sun yanyame ta, wannan ta taɓa ninkin, waccan ta ja zoben. Wata dattijuwa mai sanda ta ce, "Wannan ai tawa ce! Wa ya zana ta?"

Umma ta juya ta harari ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kallona? Ruga sito ka kwaso sauran rigunan!" Sannan ta ɗaga hannun yarinyar sama, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Surukata ce ta zana!"

Haƙurin da Auta ya raina shi ya ba su abin da faɗa bai ba su ba. Kuma kada mutum ya raina wani don abin da jikinsa ya kasa, domin jiki ba ya yi wa kowa alkawari. Umma da kanta take faɗa wa sababbin teloli haka, tana wasa da zoben rigarta.