Ƙwaryar Sulhu

Ranar Alhamis da la'asar aka kira Sufeto Nata'ala daga ofishinsa na Gwarzo. A wata kwaleji da ke hanyar Kabo, Malam Abdulmuttalib, mai kula da harkokin ɗalibai, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar taro. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Taron na sulhu ne. An daɗe malamai da ƙungiyar ɗalibai ba sa ga-maciji, sai marigayin ya shirya a zauna a sha fura a ƙwarya ɗaya, sannan a kafa kwamitin da zai saurari koken ɗalibai a kan malamai.

Sufeto ya sunkuya ya sansana ƙwaryar. Nono bai iya ɓoye warin maganin feshin gona ba.

Tuni masu gadi suka kulle Zinnira, shugabar ɗalibai, don ita ta dama furar. Idan laifin ya zauna a kanta, karatu ya ƙare, rai ma sai addu'a.

"Ina kika ajiye ta bayan kin dama?" Sufeto ya tambaye ta.

"A firijin ɗakin malamai, ranka ya daɗe. Namu ya lalace."

"Wa aka tsara zai fara sha?"

"Ni," ta ce. "Malamai sun ce ba su yarda da hannunmu ba. Na kai ta baki ke nan Malam Abdulmuttalib ya karɓe, ya ce shi zai fara, don kowa ya ga ya amince da mu. Ya sha, ya tsaya yana jawabi da ita a hannu."

Sufeto ya sake duban ƙwaryar. Mai zuba guba ba ya kai ƙwaryar bakinsa.

Ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa na rantsuwa ba a tambaye shi ba. Wata malama, Hajiya Uwaliya, ta ce mutum ɗaya ne tun safe ya sanar cewa kada a miƙa masa furar: Malam Tasi'u, mai koyar da aikin gona.

Sufeto ya same shi a ofis, ya baje a kujera yana jan carbi.

"Me ya hana ka sha, Malam?"

"Azumin Alhamis nake, Yallaɓai. Ba ya wuce ni."

"Madalla. Allah ya karɓa. Ɗan buɗe bakinka."

Malam Tasi'u ya buɗe baki da ƙyar. Haƙoransa jajur, ga ɗanyen ɓarɓashin goro maƙale a dasashi, ga rana ba ta faɗi ba. Mutum ya iya shirya kisa, amma ya kasa haƙura da goro na yini guda.

"Mabuɗin ɗakin maganin feshi yana hannun wa?"

Carbin ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"'Yan mata uku Zinnira za ta gabatar gaban kwamiti," ya ce a hankali. "Waɗanda na riƙe wa sakamako don sun ƙi ni. Wallahi ba Abdulmuttalib na nufa ba. Tare muka taso a Kutama."

Aka buga masa ankwa, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Zinnira ƙofa. Ya so ya ɓoye mata cewa ita aka nufa da gubar, amma ta riga ta ji daga bakin masu gadi.

"Ashe tawa ce ya sha," ta ce.

Sufeto bai musa ba.