Mai Tumbi Ba Ta Son Ruwa Kullum

Ranar da Auta ta fara ganin Mai Fure, fure kawai ta je saya don ta ƙawata shagon ɗinkinta. Yana tsugune a rumfarsa yana tankaɗe yashi, hannu duk ƙasa. Ya ɗago, suka haɗa ido, ta yi maza ta nuna wata shuka mai ƙaton ciki kamar tulu, ta ce wannan mummunar fa? Ya ce sunanta Mai Tumbi, shekara bakwai yana renonta tun tana iri, kuma ba ta sayarwa ba ce.

Bayan wata uku, Mai Fure da kansa ya kawo mata ita har shago, kyauta. Kun dai gane.

Ya koya mata komai. Yashi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ɗan gawayi, tukunya mai huji a ƙasa. Ruwa kuwa sai ta soka tsinke ya fito a bushe, ko da za a yi kwana goma. Sannan ya turo saƙo:

"Autata, na ba ki abin da na fi so kafin na san ki. Ki riƙe min ita amana."

Baban Auta dai bai so ba. Ya ce wanda sana'arsa wasa da ƙasa a tukunya, da me zai riƙe masa 'ya?

Ana cikin haka sai ga nas. Akwai wani ɗan asibiti a tsallaken titi, kullum da safe Auta tana kan keken ɗinki take hango Mai Fure da buta yana shayar da furannin ƙofarsu, wata doguwar nas na tsaye a kansa tana washe baki. Ƙasarsu baƙa wuluk, mai taki, kullum a jiƙe. Ta waiwaya ta kalli tata: yashi da tsakuwa kamar za a yi gini.

Kishi ya turnuƙe ta. Wato waccan ce ta dace da ƙasa mai kyau da ruwa kullum, ita kuwa tsakuwa? Ba ta tambaye shi ba. Ta juye yashin, ta cika tukunya da baƙar ƙasa, safe ruwa, yamma ruwa. In ya turo saƙo, amsarta "to".

Sati uku, ganye ya fara zuba. Ta danna tumbin, ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Ta kinkime ta zuwa gida, ta rubuta masa:

"Mai Tumbi na mutuwa. Ni na jawo. Ka zo gida, in nas ɗinka ta bar ka."

Ya zo, Baba na zaune a baranda. Ya gaishe shi, ya roƙi wuƙa. Ya zare shukar, ya wanke saiwar, ya dinga yanke ruɓar a hankali har ya kai ga fari, ya barbaɗa garin gawayi, ya ce a ajiye ta a inuwa sati guda, ba ƙasa ba ruwa. Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba.

Daga bayan labule Auta ta ce, "Nas ɗin ai kullum kake ba nata ruwa."

"Na asibiti ne, Autata, aikina ne. Kwana biyu ba ruwa sun bushe, sai a canza wasu. Wannan ruwanta na cikinta, har jikokinmu za su gan ta. Ita zan ba nas?"

"To dariyar fa?"

"Riga take so ki ɗinka mata. Ta ce in ta ga fuskarki tsoron shigowa take ji."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda aka ruɓar masa da aikin shekara bakwai bai yi faɗa ba, shi ne zai iya da wannan yarinyar. Ya je ya turo manyansa.

Satin bikin, Mai Tumbi ta fito da fure ja guda biyu, da tabonta da komai. Nas ma ta zo, cikin rigar da amarya ta ɗinka mata, hannun dai ya ɗan matse. Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka. Butar ruwan kuwa, har yau a saman kabad ango yake ajiye ta, inda hannun amarya ba ya kaiwa.