Ƙullin da ke Hannun Abdulwasiu

Riga biyu, fasfo, katin shaidar aikin jirgin ruwa, wasiƙar ofishin jakadanci. Abin da ke jakar Abdulwasiu ke nan da aka tsinci gawarsa da hantsi a gefen hanyar Tegina.

Sara uku a wuya. Hannayensa ɗaure ta baya.

Insfekta Mailafiya ya tsuguna yana duban ƙullin igiyar. Ba irin na manoma ba ne, ba na 'yan dako ba. Ya yanke igiyar, ya sa ƙullin a aljihu.

Wasiƙar ta bayyana sauran. Bara 'yan daba sun hau jirginsu a wata tashar ruwa ta ƙasar waje, suka kashe 'yan Najeriya huɗu. Ƙasashen biyu sun amince a yi shari'a. Jibi Abdulwasiu zai ba da shaida a Abuja. Idan babu shaida, za a saki makasan.

"Wa ya san yau zai tafi?" Mailafiya ya tambayi matar mamacin, Salihatu.

"Ɗayyabu mai doya. Tare suka dawo daga Legas."

A kasuwa ya same shi.

"Ka taɓa aikin jirgin ruwa?"

"Ni, ranka ya daɗe? Dako na yi a Legas. Ko kwalekwale ban taɓa shiga ba."

"To. Ɗaure min buhun nan a bayan babur."

Ɗayyabu ya ɗaure yana surutu, ko kallon hannunsa bai yi ba. Mailafiya ya fito da ƙullin da ke aljihunsa, ya ajiye kusa da sabon. Iri ɗaya.

Ɗayyabu ya zaro adda. Saran farko ya tsaga hannun Insfekta har jini ya jiƙa rigarsa. Kafin na biyu, kulkin Mailafiya ya karya wa Ɗayyabu wuyan hannu.

"Ni na sauke wa 'yan daban tsanin jirgi," in ji shi, fuskarsa a ƙasa. "Cewa suka yi kyaftin kawai za su daka. Abdulwasiu ya gan ni."

"Ka san fuskokinsu?"

"Duka."

Aka tura shi bayan mota.

"Ofis, yallaɓai?" in ji direba.

Mailafiya ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya rufe ƙofa.

"Ofis yau, Abuja gobe. Shi zai zauna a kujerar Abdulwasiu, ya ba da shaida."