Inda Aka Nemi Nizar

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Mongi rahoto a ofishinsa na tashar masunta ta Mahdiya. Jirgin kamun kifi na Rayis Lotfi, wato kyaftin ɗinsa, ya nutse jiya. An tsamo Lotfi da rai, ba a ga ma'aikacinsa Nizar ba.

Mahaifin Nizar, Baba Sadok, dattijon masunci, yana zaune a bakin ƙofa.

"Ɗana, ba shari'a ta kawo ni ba," in ji shi. "A samo min shi in rufe."

Sufeto ya fara da mai kula da rediyon 'yan ceto.

"Lotfi ya kira ku?"

"A layi na sha shida, na neman agaji. Ya faɗi sunan jirgi, ya ce ruwa na shiga, suna arewa da gari. Can muka wuni. Ko igiya ba mu gani ba."

Hedi, wanda ya tsamo Lotfi, yana ɗinkin koma.

"A ina ka same shi?"

"A ruwa mana, yallaɓai."

"Hedi, na gaji."

Hedi ya sosa ƙeya. "Kudu, can nesa, rungume da jarka."

"Ko ruwa ne ya ja shi can?"

"Jiya? Arewa yake ja."

A asibiti Lotfi ya ce abin da na'urar nuna wuri ta jirgin ta nuna masa ya faɗa.

"Kana kudu ka ce arewa, Rayis. Don me?"

Lotfi ya amsa yana kallon bango.

"Layin nan kowane jirgi na ji. Akwai wani dutse a ƙarƙashin ruwa mai tara kifi, nan ubana ya yi su, da shi nake ciyar da gida. In na ambace shi a rediyo, gobe kowa na kansa. Na zaci za mu lallaɓa mu kai arewa."

"Nizar fa?"

"Ya yi ta roƙona in sake kira in faɗi gaskiya. Kafin in yarda, ruwa ya kashe batir."

Sufeto ya shimfiɗa taswira. "Nuna."

Lotfi ya ɗora yatsa. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa masa ankwa, ya fita da shi.

Baba Sadok, wanda ya biyo su asibitin, ya duba wurin a taswirar da kyau, ya sake dubawa.

"Jiya ina dab da nan," ya ce a hankali. "Na ji kiran, na naɗe komata, na yi arewa."